Minshari da tiyata: abin da ya kamata likitan sa barci ya sani tun kafin ranar aiki

Duk mai minshari ne ke da cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci?

A'a. Idan mutum ya yi barci tsokokin maƙogwaro suna saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta ƙuntata, sai a ji minshari. Ga wasu mutane kuwa hanyar takan toshe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi, sannan ya koma barci bai san abin da ya faru ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuma mai tsanani.

Me ya haɗa wannan da tiyata?

Zaburar nan ita ce ke ceton mai cutar kowane dare, kuma ita ce magungunan sa barci da masu kashe zafi suke dannewa. Mofin da fentazosin da tiramadol, da ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam, duk suna rage ƙarfin numfashi kuma suna hana mutum farkawa idan maƙogwaronsa ya toshe. Ban da haka, zura bututun numfashi a maƙogwaron irin waɗannan mutane yakan yi wuya, don haka likita yana so ya sani da wuri ya tanadi kayan aiki.

Wanda bai taɓa yin gwajin barci ba, yaya za a gane yana da ita?

Akasarin masu cutar ba su san suna da ita ba. Shi ya sa likitocin sa barci suke amfani da tambayoyi takwas da aka tsara a Toronto ta ƙasar Kanada, waɗanda ake kira STOP-Bang: minshari mai ƙarfi, gajiya da gyangyaɗi da rana, wani ya taɓa ganin numfashin ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya na kimanin santimita 40 zuwa sama, da kasancewa namiji. Wanda ya haɗa biyar ko fiye yana cikin babban haɗari.

A nan ne nake ganin mu a Zariya muke da gyara. Amsar biyu daga cikin tambayoyin nan ba ta wurin marar lafiya, tana wurin wanda suke kwana ɗaki ɗaya, amma sau da yawa maigida yakan je ganin likita a Asibitin Koyarwa na Shika tare da ƙaninsa ko ɗansa, uwargida tana gida. Ko ta je ma, kunya takan hana ta cewa maigida yana minshari har numfashinsa ya ɗauke. Ya kamata a tambaye ta tun a gida, a kai wa likita amsar yadda ta faɗa.

Za a fasa aikin ke nan?

Galibi ba a fasawa, tsarin ake sauyawa. Inda aikin ya ba da dama, kamar tiyatar haihuwa ko ta gwaiwa, akan fifita allurar baya wadda ke kashe rabin jiki mutum yana farke. Idan dole ne a sa barci gaba ɗaya, ba a cire bututun sai marar lafiya ya farka sosai. Mai amfani da na'urar CPAP a gida, wato na'urar lantarki mai hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya toshe cikin barci, ya zo da ita asibiti, ya kuma yi tunanin ɗaukewar wuta tun da wuri.

Bayan an fito daga ɗakin tiyata lafiya, haɗari ya wuce?

Bai wuce ba, a ganina ma nan ne ya fi buƙatar sa ido, domin a ɗakin tiyata akwai likita da na'urori a kan marar lafiya, a ɗakin jinya kuwa da tsakar dare sai ma'aikaciyar jinya mai kula da gadaje da yawa da ɗan'uwan da ke jinya. Matsalar takan ƙaru a dararen farko, musamman wajen dare na uku, lokacin da barci mai mafarki yake dawowa da ƙarfi. Kada a bar marar lafiya kwance rigingine. A ɗaga kan gado ko a juya shi gefe idan likita ya yarda. Idan akwai ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, a nemi a bar masa ita. Mai jinya kada ya ɗauki minshari a matsayin alamar an sami hutu: idan numfashi yana tsayawa, ko leɓe ya sauya launi, ko an kasa tashinsa, a kira ma'aikata nan take. Bayan sallama kuma kada a sayo masa ƙarin maganin zafi ko na barci a kemis ba da sanin likita ba.

Yara ma suna da ita?

Suna da ita, yawanci saboda kumburin tonsil (naman da ke gefe biyu na maƙogwaro) da naman da ke bayan hanci. Yaron da aka cire wa su saboda wannan matsala ba a ba shi kodin, domin a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a kan hakan bayan mutuwar wasu yara.