Gyaran hoton telesikof da maikiroskof da madubi mai lanƙwasa

Wannan fasaha ce da ake gyara haske da ita bayan ya karkace a hanya, kafin ya kai ga kyamara, don hoto ya fito tangaran. An fi amfani da ita a manyan telesikof na kallon taurari, yanzu kuma ta shiga maikiroskof da na'urorin duba ido.

Asalin matsalar iska ce. Duk wanda ya bi titin Makka zuwa Madina da tsakar rana ya san yadda motar da ke can nesa take rawa a saman kwalta, to haka ake yi wa hasken tauraro, ya taho miƙe tun daga inda ya fito amma da ya shigo iskarmu sai ya tarar nan da zafi can da sanyi, kowanne ya ɗan karya shi, kafin ya sauko hoton ya dagule. Shi ya sa taurari ke ƙyaftawa. Girman madubin telesikof ba ya maganin wannan, ko da mai faɗin mita 10 ne irin na telesikof ɗin Keck da ke Hawai.

Wani Ba'amurke, Horace Babcock, shi ya kawo dabarar a 1953, sai dai kayan aikin zamanin ba su kai ba. Sojojin Amurka ne suka riƙe aikin a ɓoye don leƙen tauraron ɗan Adam, sai 1991 aka buɗe sirrin. Abu uku ke haɗuwa, na'urar da ke auna karkacewar hasken, kwamfuta mai lissafi, da wani siririn madubi da aka jera ƙananan turaku a bayansa suna tura shi suna ja, ya'ani yana lanƙwasa daidai kishiyar abin da iska ta yi, kuma sau ɗaruruwa har dubu a daƙiƙa ɗaya tunda iskar ba zama take ba. Awon yana buƙatar tauraro mai haske a kusa, in babu sai masana su harba siririn haske mai ƙarfi na lesa sama wajen kilomita 90 inda sinadarin sodiyam yake, ya yi haske, shikenan an samu tauraron aro. Da taimakon wannan Andrea Ghez da Reinhard Genzel suka bi taurarin da ke zagaya baƙin ramin tsakiyar gungun taurarinmu, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya iya kuɓuce masa, mai nauyin rana wajen miliyan 4, suka samu kyautar Nobel a 2020.

Kar dai a ɗauka wannan zai kashe gardamar ganin wata da ake yi duk shekara in an jira labari daga Sudair ko Tumair, wuraren duban wata a Saudiyya, can ƙura da hasken faɗuwar rana ne suka fi ɓoye jinjirin wata, madubi mai lanƙwasa bai da abin yi da su.

A maikiroskof kuwa babu ruwan iska, naman da ake leƙawa shi ke karya hasken, ruwa da kitse da jijiya kowanne da yadda yake yi, in aka nutsa ciki hoto ya dusashe, sai madubin ya dawo da shi, har ana kallon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera yana raye. A 1997 David Williams da abokan aikinsa a Jami'ar Rochester suka gwada ta a idon mutum, suka ɗauki hoton ƙwayoyin gani na bayan ido ɗaya bayan ɗaya.