Shin Kotun ECOWAS ta soke dokar ɓatanci ta Kano?

Tun daga ranar 9 ga Afrilun 2025, da Kotun ECOWAS mai zama a Abuja ta yanke hukunci kan dokokin ɓatanci na Jihar Kano, saƙonni suke ta yawo a WhatsApp cewa wai an rushe Shari'a daga waje, har wasu na cewa yanzu kowa zai iya taɓa addini ya kwana lafiya. Maganar ba haka take ba, kuma wanda ya dogara da ita zai iya jefa kansa cikin halaka.

Sassa biyu kotun ta duba. Na farko shi ne sashe na 210 na dokar Final Kot, wato kundin hukunta laifuka na jihar, wanda ta ce kalmominsa ba su fayyace abin da ake nufi da cin mutuncin addini ba. Na biyu shi ne sashe na 382(b) na dokar Shari'a ta 2000, mai tanadin kisa ga wanda ya zagi Manzon Allah (SAW), wanda ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da ke cikin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam. Sai ta umarci Gwamnatin Tarayya, wadda ita aka kai ƙara, da ta soke su ko ta gyara. Ba ta taɓa aure, gado ko sauran hurumin kotunan Musulunci ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne bambancin umarni da sokewa. Kotun ECOWAS ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunan Najeriya, ba ta da 'yan sanda, kuma aiwatar da hukuncinta yana bi ne ta hannun Babban Lauyan Tarayya, wanda shi kansa ba shi da ikon goge ko harafi ɗaya daga dokar da Majalisar Dokokin Kano ta yi. Gwamnatin jihar kuwa ta fito ta ce ba za ta janye ba, don haka alƙali a Kano yana nan yana aiki da sassan biyu kamar jiya.

Amma kuskure ne a ce hukuncin iska ne kawai. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, ita kuwa Yarjejeniyar Afirka an yi mata hakan tun 1983. A shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa yarjejeniyar tana aiki a kotunanmu, sai dai tana ƙarƙashin kundin. Ke nan lauya zai iya ɗaga ta a gaban alƙalin Najeriya, lauyan gwamnati kuma ya mayar masa da sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita 'yanci saboda zaman lafiya da tarbiyyar jama'a. A ganina, ƙorafin da aka yi kan sashe na 210 yana da ƙamshin gaskiya, domin dokar da ba ta zayyana iyakar laifi ba takan zama makami a hannun mai gaba.

Wurin da za a yi ta ta ƙare shi ne Kotun Ƙoli, inda shari'ar Yahaya Sharif-Aminu take, wato mawaƙin da aka tuhuma da ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a Kano. An yanke masa hukuncin kisa a Agustan 2020, Babbar Kotun Kano ta ce a sake shari'ar a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da hakan a 2022, lauyoyinsa kuma suna neman a bayyana cewa dokar kanta ta saɓa wa kundin tsarin mulki.