Mene ne "andaton" da masu fenti ke yawan faɗa?

In ka shiga shagon fenti a Sabon Gari ko wajen PZ kana neman kalar falo ko ɗakin amarya, za ka ji ana cewa wannan ash ne, wato ruwan toka, amma andaton ɗinsa shunayya ne, wancan kuma lilak ne mai toka-toka. Andaton dai ita ce kalar da ke kwance a ƙarƙashin babbar kalar, a ɗan katin samfur da ƙyar ido ke kama ta, sai fenti ya hau bango ya bushe take fitowa fili.

Yawancin ruwan tokar da kamfanoni irin su Dulux da Berger ke haɗawa ba baƙi da fari ba ne zalla, ana ɗiga shuɗi ko kore ko ja a ciki. In ja da shuɗi suka haɗu sai tokar ta karkata zuwa shunayya. Ta ɗaya gefen kuma akwai shunayyar da aka kashe wa kaifi da toka, su lilak da lavenda masu sanyi, to a tsakiya suke haɗuwa, shi ya sa kati biyu za su yi maka kama a shago amma a gida ɗaya ya fito toka mai natsuwa ɗaya kuma shunayya sosai kamar ɗakin 'yan mata, maigida ya shigo ya ce ba wannan ya biya ba.

Haske ne ke tona andaton. Farin ƙwan LED mai 6500K (lambar da ke nuna kalar hasken ƙwan) yana ƙara wa bango shuɗi, shunayyar sai ta taso. Mai ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, danne ta yake, har lilak ya koma kamar toka mai ɗan ja. Tayil ma na da hannu, kuma nan ne mutane da yawa ba sa lura, in ƙasan ɗakin kirim ne ko mai rawaya-rawaya to tokar da ke kusa da shi za ta ƙara yin shunayya a ido.

Ni dai shawarata kar a sayi bokitin lita 20 daga kallon kati ko hoton waya. A fara da kaɗan, a shafa kowace kala faɗin kamar mita ɗaya, shafi biyu, a manna farar takarda a gefe, a duba da safe da la'asar da kuma dare an kunna wuta. Farar takardar ce za ta nuna inda kalar ta karkata.

Kuma in an zaɓa a sayi wanda zai ishi ɗakin gaba ɗaya lokaci guda, musamman in mai fentin ne ke haɗawa da hannu, don ɗigo kaɗan ke canza andaton, in ya ƙare a tsakiyar aiki da wuya haɗi na biyu ya zo daidai da na farko.