Gwajin Sinadaran Ƙwaƙwalwa Ba Ya Ƙona Kai

An daɗe ana faɗi a tsakanin Hausawan Agege da Idi-Araba a Legas cewa na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana harba wa mutum haske mai cutarwa irin na hoton ƙashi, har wasu kan ƙi zuwa gwajin MRS (auna sinadaran ƙwaƙwalwa da wannan na'ura) da likita ya rubuta musu, abin da yake damuna ƙwarai. Ba haka ba ne. Na'urar tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) da igiyoyin rediyo, ta auna sinadaran ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba. Idan sinadarin kolin ya ƙaru, sinadarin NAA kuma ya ragu, likita yakan yi zargin ƙari, wato tsiro a ƙwaƙwalwa. Abin kiyayewa shi ne ƙarfe a jiki, musamman na'urar daidaita bugun zuciya, don haka wajibi ne a sanar da ma'aikata kafin a shiga.