Injin gasa burodi na gida

Injin gasa burodi na gida na'ura ce ta lantarki da ake ajiyewa a kicin, wadda ake zuba wa fulawa da ruwa da yis da gishiri ta fitar da gasasshen burodi ba tare da hannu ya taɓa kwaɓin ba. Injin ne ke kwaɓawa, ya bar kwaɓin ya tashi, ya sake buga shi, sannan ya gasa, duk a cikin gwangwani guda. A Japan aka fara sayar da irin wanda aka sani yau, a 1986 ko 1987, daga nan ya bazu zuwa Amurka da Turai da Ostireliya.

Abin da ya gabace shi

Tun kafin lantarki ya shiga gidaje ake neman hanyar raba mutum da wahalar cuɗa kwaɓi. Joseph Lee, baƙar fatar Amurka da aka haifa cikin bauta a wajajen 1849, wanda daga baya ya riƙe otal da gidajen abinci a yankin Boston, ya yi rajistar injin cuɗa kwaɓi a tsakiyar shekarun 1890. Nasa na manyan kicin ne. Na gida kuwa ya zo a siffar bokitin ƙarfe mai marfi da hannun juyawa, wanda kamfanin Landers, Frary & Clark na jihar Connecticut ya sayar da sunan Universal, har ya ci lambar zinariya a baje kolin St. Louis na 1904. Duka biyun kwaɓi kawai suke yi. Jiran tashi da gashi suna nan a wuyan mai girki.

Aikin Matsushita

Ba abin mamaki ba ne a ce ƙasar masu cin shinkafa ce ta fito da injin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ciyar da 'yan makarantar Japan burodin alkamar Amurka, yaran suka girma da ɗanɗanonsa a baki, karin kumallo da burodi ya zama ruwan dare a birane. Ga kuma masana'antun da suka riga suka ƙware a tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, mai auna zafi da lokaci da kanta.

A 1984 kamfanin Matsushita na Osaka, wanda yanzu ake kira Panasonic, ya haɗe sassansa uku na kayan girki: masu tukunyar shinkafa, masu kayan ɗumama abinci, da masu na'urorin markaɗe. Injin burodi na buƙatar gwanintar ukun a lokaci guda, wato ƙaramar kwamfuta mai tsara aiki, da zafi, da juyi. Gwajin farko bai yi kyau ba. Burodin ya fito da ɓawo a ƙone, cikinsa kuma ɗanye, injiniyoyi suka rasa inda gizo ke saƙar.

Wata ma'aikaciyar kamfanin mai rubuta manhaja, Ikuko Tanaka, ita ta kawo shawarar a je a koya wajen masu sana'ar. Ta shiga almajirci a hannun shugaban masu gashi na Osaka International Hotel, wanda burodinsa ya yi suna a birnin. Mutumin bai iya faɗa mata sirrin da baki ba, don shi ma a hannunsa abin yake. Sai da ta daɗe tana kallo tana kwaikwayo kafin ta lura cewa ba jan kwaɓin kaɗai yake yi ba, yana murɗa shi a daidai lokacin da yake ja. Ta koma ta bayyana wa injiniyoyi wannan motsi, suka yi ta gwaji kusan shekara guda, har suka gano cewa idan aka yi wa bangon gwangwanin wasu 'yan tudu a tsaye daga ciki, kwaɓin zai riƙa maƙalewa a jikinsu yana miƙewa yayin da ake juya shi daga ƙasa. Duk wanda ya leƙa gwangwanin injin a yau zai iya ganin waɗannan tudun.

Sauran matsala ita ce yis. Mai gida yana son ya zuba kaya da dare ya tashi ya tarar da burodi da zafinsa, amma idan yis ya jiƙe tun da wuri, musamman a lokacin zafi, kwaɓin zai wuce gona da iri ya yi tsami. Sai aka ware masa ɗan gurbi a marfi, injin ya sake shi idan lokaci ya yi.

Yawancin wannan labari ya iso ga jama'a ne ta hannun masana harkar gudanarwa biyu, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, waɗanda a littafinsu na 1995 suka kafa hujja da shi kan yadda ilimin da ke hannun mai sana'a ke komawa abin da za a rubuta a ƙera. A lissafinsu, injin ya shiga kasuwa a Fabrairun 1987 a kan yen 36,000, aka sayar da 536,000 a shekarar farko. Wasu majiyoyi suna cewa 1986. Kamfanin Funai ma yana da'awar cewa nasa ne na farko a duniya.

Yaɗuwa

A shekarun 1990 injin ya cika shagunan Amurka da Birtaniya, da sunaye irin su Zojirushi, Hitachi, Welbilt da Breville. Daga baya kasuwarsa ta ja baya, ta sake farfaɗowa a zaman kullen korona na 2020. A 2010 kamfanin Sanyo ya fitar da Gopan, wanda ke niƙa ƙwayar shinkafa da kansa ya yi burodi da ita, masu saye suka yi masa yawa har aka dakatar da karɓar oda na wani lokaci.

Yadda yake aiki

A tsakiyar injin akwai gwangwani mai hannu wanda abinci ba ya kamawa a jikinsa. A gindinsa akwai 'yar ƙaramar muciya ta ƙarfe da ke juyawa da ƙarfin lantarki, a kewayensa kuma ƙarfen da ke yin zafi. Ma'aunin zafi yana sanar da kwamfutar halin da ake ciki, ita kuma tana kunnawa da kashewa.

Da an danna maɓalli, muciyar na fara juyi a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, har garin ya haɗe. Sannan ta ƙara sauri na kimanin minti 20 zuwa 30. A nan ne furotin ɗin alkama ke haɗuwa da ruwa ya zama gulutin, abin da ke sa kwaɓi yauƙi da danƙo. Injin ya yi shiru, ya riƙe ɗumi kaɗan, yis ya ci sukari ya saki iska, gulutin ya tare iskar, kwaɓin ya kumbura. Can sai muciyar ta yi 'yan juyi don fitar da manyan kumfa, a sake jira, sannan a gasa na kusan awa ɗaya. Farin burodi kan ɗauki awa 3 zuwa 4 gaba ɗaya, na alkama da dusarta ya fi haka, akwai kuma tsarin gaggawa na ƙasa da awa 2 wanda burodinsa bai kai na ainihi daɗi ba. Girman da aka saba gani shi ne giram 450, 700 da 900.

Kusan kowane inji na da tsarin kwaɓi zalla, inda ake ciro kwaɓin bayan ya tashi a gasa shi a wani wuri. Wasu na dafa jam ko gasa kek.

Kayan haɗi

Awo shi ne ginshiƙi, domin injin ba ya jin taurin kwaɓi ko ruwansa kamar yadda hannu ke ji. Fulawa giram 500 kan so ruwa wajen mililita 300 zuwa 330, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, busasshen yis mai saurin tashi wajen ƙaramin cokali ɗaya, da ɗan sukari da bota ko mai. Sikeli ya fi kofi gaskiya. An fi son fulawa mai furotin kashi 12 cikin ɗari ko sama. A yawancin injuna ruwa ake fara zubawa, fulawa ta rufe shi, a yi ɗan rami a samanta a zuba yis nesa da gishiri. Wasu samfuran Panasonic kan juya tsarin, yis a ƙasa, ruwa a ƙarshe. Idan za a jinkirta gashi zuwa safiya, ba a sa ɗanyen ƙwai ko madarar ruwa.

Masu amfani da shi kan ɗaga marfi bayan minti 10 na farko su duba. Kwaɓin da ya yi daidai dunƙule yake, sumul, yana ɗan kama yatsa ya saki. In yana shafe bango a ƙara fulawa cokali guda, in yana farfashewa a ƙara ruwa.

Naƙasu

Muciyar na barin rami a gindin burodin, wani lokaci ma ta maƙale a ciki. Ɓawon sama bai cika yin ja kamar na gefe ba. Da yake babu sinadaran hana lalacewa, burodin kan fara bushewa cikin kwana 2 ko 3.

A wurare masu zafi, irin su Kano ko Sakkwato ko Damagaram a bazara, kwaɓi na tashi da sauri fiye da yadda aka tsara wa injin, ya kumbura ya taɓa marfi, sannan tsakiyarsa ta rufta lokacin gashi. Maganinsa ruwan sanyi da rage yis. Ɗauke wuta ya fi wannan illa. Injin na jan wat 500 zuwa 700 idan yana gashi, kuma yawanci 'yan mintoci kaɗan yake iya riƙe inda ya tsaya kafin tsarin ya goge. Idan wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ana juye kwaɓin a wani gwangwani a ƙarasa gashin a obin na gas. Injunan da aka ƙera don Japan ko Amurka na aiki da bolt 100 zuwa 120, saboda haka suna buƙatar taransifoma mai rage ƙarfin wuta kafin a jona su a Najeriya ko Nijar.