Sashen Kimiyyar Magana da Ji a Jami'a

Sashen kimiyyar magana da ji reshe ne na jami'a da ke nazarin yadda ɗan Adam ke furta magana, yadda yake jin ta, da abin da ke faruwa idan ɗayansu ya samu tangarɗa. Ƙwararru iri biyu yake horarwa: masana ji, masu auna kunne da saita na'urar ƙarin ji, da masu gyaran magana, waɗanda ke kula da i'ina, tsamin baki, dashewar murya, jinkirin buɗe baki ga yara, da ɗaukewar magana bayan shanyewar ɓarin jiki. Wahalar haɗiya ma tana hannunsu, tunda maƙogwaron da ke fitar da murya shi ne ke tsare hanyar numfashi lokacin cin abinci.

Tarihi

Fannin ya fara tsayawa da ƙafarsa a Jami'ar Iowa ta Amurka, inda Carl Seashore da ɗalibinsa Lee Edward Travis suka mai da matsalolin magana abin bincike a shekarun 1920. A 1925 aka kafa ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka, wadda a yau ake kira ASHA. Ɓangaren ji kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haife shi: sojoji da yawa sun dawo da kurumta saboda ƙarar bindigogi da bama-bamai. Raymond Carhart, wanda ya yi aiki da su a asibitin soja, ya koma Jami'ar Northwestern bayan yaƙin ya kafa karatun auna ji.

Tarihin yana da tabonsa. A 1939, ƙarƙashin kulawar Wendell Johnson na Iowa, an yi gwaji a kan marayu 22, aka riƙa kushe maganar wasunsu don a ga ko hakan zai jawo i'ina. Jami'ar ta nemi afuwa a 2001, jihar kuma ta biya diyya a 2007.

Asibitin koyarwa

Zuciyar sashen ita ce ƙaramin asibitinsa. Akwai ɗaki mai kaurin bango wanda ƙarar waje ba ta shigarsa. Ana sa wa mutum abin saurare a kunne, a aika masa da sautuka daga masu kauri zuwa masu kaifi, wato daga hertz 250 zuwa 8,000, ana rage ƙarfinsu har a kai inda ya daina ji. Yaro ɗan shekara uku ba ya iya wannan zaman, sai a mai da shi wasa: ya riƙe ɗan katako kusa da kunnensa, da ya ji ƙara ya jefa a bokiti. Ɗaliba ce ke sarrafa na'urar, malamarta na kallo ta bayan gilashi, daga baya su zauna su tattauna. A Amurka, mai neman shaidar gyaran magana sai ya cika awa 400 na irin wannan aiki ƙarƙashin kulawa.

Daga nan sashen ke fita makarantu da masana'antu yana auna ji, musamman a ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya.

Nasarori

Babbar nasarar fannin ita ce gwajin jarirai. A da, ba a gane yaro ba ya ji sai ya kai shekara biyu ko uku bai yi magana ba, alhali lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe ya yi nisa. A 1978 David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunne yana mayar da ɗan amo idan sauti ya shige shi, kuma ana iya kama amon da ƙaramar na'ura, jariri na barci. A 1998 Christine Yoshinaga-Itano ta Jami'ar Colorado ta nuna cewa yaran da aka gano matsalarsu kafin wata shida sun fi waɗanda aka makara a kansu ci gaban harshe. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce: gwaji kafin wata ɗaya, tabbatarwa kafin wata uku, fara taimako kafin wata shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na'urar da ake dasawa a can cikin kunne aikin haɗin gwiwa ce da likitoci da injiniyoyi. Graeme Clark na Jami'ar Melbourne ya yi dashensa na farko a 1978. Sai dai tiyatar ita ce farkon tafiya kawai. Saita na'urar da koya wa yaro fassara abin da yake ji aikin waɗanda sashen ya yaye ne, kuma yakan ɗauki shekaru. Kurame da yawa suna tunatar da cewa maganar hannu cikakken harshe ce, kamar yadda William Stokoe na Gallaudet, jami'ar kurame a Amurka, ya nuna a 1960, kuma sashen da ya san aikinsa yana gabatar wa iyaye da hanyoyin duka biyu.

A ɓangaren magana, Jeri Logemann ta Northwestern ta inganta gwajin haɗiya da hoton asibiti mai motsi, masu bincike a Jami'ar Sydney kuma suka samar da tsarin Lidcombe, wanda iyaye ke bi a gida don rage i'inar ƙananan yara.

Giɓin da ya rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa mutum miliyan 430 na buƙatar kulawa saboda raunin ji, kuma kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan. Ban da ƙarancin ma'aikata, akwai batun harshe. Jerin kalmomin da ake auna fahimtar magana da su ba ya fassaruwa, dole a gina shi daga sautukan kowane harshe. A harsuna masu karin sauti, irin su Sinanci da Hausa, hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma, kuma nan ne na'urar dashe ta fi rauni. Shi ya sa tattara bayanan yadda yara ke koyon harshensu na uwa, wata bayan wata, yake cikin ayyukan farko na duk sabon sashe.