Tsige gwamna a Najeriya

Tsigewa hanya ce da kundin tsarin mulki ya bai wa majalisar dokoki ta sauke zaɓaɓɓen shugaba daga kujerarsa kafin wa'adinsa ya cika. A kundin 1999, sashe na 143 ya shafi shugaban ƙasa da mataimakinsa, sashe na 188 kuma gwamna da mataimakinsa. Har yau ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ba, ko da yake majalisar wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba ta yi wa Olusegun Obasanjo barazanar hakan a 2002. A jihohi ne abin ya fi cin wuta.

Ana farawa da takardar zargi ɗauke da sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar jiha, a miƙa wa kakaki, shi kuma ya kai wa gwamna kwafi cikin kwana 7. Cikin kwana 14 sai kashi biyu bisa uku sun amince a bincika zargin. Daga nan babban alƙalin jihar ya naɗa kwamitin mutum 7 waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba. Gwamna na da damar kare kansa a gabansu ko ya turo lauya. Kwamitin na da wata 3. In ya wanke gwamna, magana ta mutu. In ya same shi da laifi, sai kashi biyu bisa uku sun sake amincewa da rahoton, nan take kujerar ta kuɓuce masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar babban laifin da ake tsige mutum a kansa. Kundin ya ambaci keta tsarin mulki, amma ya ƙara da duk abin da majalisa take ganin ya kai babban laifi. Wannan ƙofa ta yi faɗi da yawa, domin ta mayar da hukunci hannun masu rinjaye.

Gwamna na farko da abin ya faɗa wa shi ne Abdulkadir Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna. Ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisa kuwa jam'iyyar NPN ce ke riƙe da ita. Sau da dama ya aika sunayen kwamishinoni, suna mayar masa da su, har ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A kundin 1979 kakakin majalisa ne ke naɗa kwamitin bincike, wato mai ƙara ne ke zaɓen alƙali. Da ya garzaya kotu, aka ce masa kotu ba ta da hurumi.

Tsakanin 2005 da 2006 aka yi ta tsige gwamnoni kamar ana sassabe: Alamieyeseigha a Bayelsa, Rashidi Ladoja a Oyo, Fayose a Ekiti, Peter Obi a Anambra, Joshua Dariye a Filato. Na Ladoja ya fi fitar da ɓarnar fili, domin 'yan majalisa 18 cikin 32, waɗanda ba su kai kashi biyu bisa uku ba, su ne suka zauna a wani otal a Ibadan suka fara shirin. Kotun ƙoli ta ce haramcin da sashe na 188 ya yi wa kotu na shiga maganar tsigewa bai hana ta duba ko an bi ƙa'ida ba, ta tabbatar da soke tsigewar, Ladoja ya koma ofis a Disamba 2006. Obi da Dariye ma kotu ta mayar da su a 2007.

Murtala Nyako na Adamawa bai samu wannan sa'ar ba. An tsige shi a Yuli 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsigewar a 2016, amma wa'adinsa ya riga ya ƙare, bai koma kujerar ba.